Gawayi a cikin batir: aikin da kabon yake yi da wanda ake jingina masa

TAMBAYA

Assalamu alaikum Dakta. Ni mai haɗa sola ne a Gadarif ta ƙasar Sudan, ina kuma sayar da batura. Tun da wuta ta lalace mana, duk gidan da ke da ɗan hali yana son faifai biyu da batir ɗaya, amma zafin garin nan ba ya barin batir ya daɗe. Kwanan nan wani dillali ya kawo mini batura an rubuta girafin a jikinsu da manyan baƙaƙe, kuɗinsu ya ɗara na sauran, ya ce ba sa mutuwa da wuri. Ƙanina da ke karatun kimiyyar sinadarai ya ce girafin ai ɗan'uwan gawayi ne, kuma masana na neman ya maye gurbin filatinam wajen zaburar da aikin batir, har ma ana iya yin irinsa da ɓawon gyaɗa. To Dakta, ina gaskiyar maganar? In sayi baturan? Kuma in dai gawayi ne, me zai hana mu daka namu mu zuba?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya sa albarka a sana'a, ya kuma yaye mana halin da ƙasa ta shiga. Bari in fara da tambayarka ta ƙarshe, domin ita ce za ta iya jawo maka asara gobe-goben nan. Kada ka daka gawayi ka zuba a batir, kada kuma ka bar yaran shagonka su gwada. Gawayin da ake ƙonawa a rami yana tare da toka, tokar kuwa tana ɗauke da ƙarfe da sauran ma'adanan da itacen ya zuƙo daga ƙasa. Ƙarfe ɗan kaɗan ya isa ya sa batirin dalma ya riƙa zubar da cajinsa alhali yana ajiye ba a jona masa komai ba. Garin kuma zai kwanta a gindi, in ya taru ya haɗa faranti biyun da bai kamata su taɓa juna ba, shi ke nan ɗakin batirin ya mutu. Kabon da masana'anta ke sakawa ba a ruwan batir yake ba. Tun kafin a shafa dalma a faranti ake kwaɓa su tare, bayan an tace shi an auna.

Sai maganar ƙaninka da ta dillalin. Kowannensu akwai gaskiya a bakinsa, amma ba batir ɗaya suke magana a kai ba, kuma daidai nan ake rikita masu saye. Kabon yana da aiki uku a duniyar batura. Wani wuri hanya yake zama wuta ta bi, wani wuri ma'ajiya yake zama, wani wuri kuma shi ke zaburar da haɗuwar sinadarai ta yi sauri ba tare da shi ya ƙare ba. Wannan na ukun shi ake kira katalis, shi ƙaninka yake nufi. Batirin da dillali ya ajiye maka kuwa, aikin farko ne ya fi yawa a cikinsa.

Kafin mu je can, mu san abin da ake nufi da nano. In ka raba mita ɗaya gida biliyan, kashi ɗaya shi ne nanomita. Silin gashi guda kaurinsa yakan kai nanomita dubu 80 ko kusa da haka. Baƙin da ke cikin fensir girafait ne, wato shimfiɗu na zarrar kabon a jibge wata kan wata, kowace zarra ta riƙe uku, sun yi jerin gidaje masu kusurwa shida. In ka ɓare shimfiɗa guda tak, ita ce girafin. Andre Geim da Konstantin Novoselov ne suka fara ware ta a Jami'ar Manchesta ta Ingila a shekarar 2004, da salatif suka yi ta ɓarewa, aka ba su kyautar Nobel a 2010. In shimfiɗar ta naɗe ta zama siririn bututu, shi ne bututun kabon da Sumio Iijima na Japan ya bayyana a 1991. Dalilin da ya sa masu batir suka ƙwallafa rai a kansu shi ne, musayar wuta a batir a fuska take faruwa, wato inda abu mai tauri ya haɗu da ruwa. A wannan musaya cikin dunƙule ba ya aiki, bayansa ne ke aiki. Giram ɗaya na girafin, in kowace shimfiɗa ta tsaya ita kaɗai, faɗin fuskarsa murabba'in mita 2,630 ne, fiye da rabin faddan ke nan, wato ma'aunin gona na Sudan.

Amma ka lura da sharaɗin: in kowace shimfiɗa ta tsaya ita kaɗai. Shimfiɗun nan suna son juna, da sun bushe sai su koma su manne. A 2018 masana a Singafo, har da shi Novoselov a cikinsu, suka tattaro garin da kamfanoni 60 na duniya ke sayarwa da sunan girafin suka auna. Mafi yawansu girafin na gaske bai kai kashi 10 cikin 100 ba, sauran girafait ne da aka niƙa lukui. Ka riƙe wannan, za mu dawo masa.

Aikin kai wuta ka san shi tun kana yaro, in ka taɓa fasa batirin rediyo ka zaro baƙin sandan nan na tsakiya. Sandan kabon ne, ba ya ba da wuta ko kaɗan, tattara ta kawai yake yi ya miƙa wa hular da ke sama. Batirin litiyam da ake kira LFP, wanda yanzu ya fara shigowa shagunanku, ya fi kowa bukatar wannan taimako. Garin da ke cikinsa, litiyam da ƙarfe da fosfet, an gano amfaninsa a 1997 a ɗakin binciken John Goodenough, amma wuta ba ta ratsa shi sosai, har sai da aka koyi lulluɓe kowace ƙwaya da fatar kabon mai kaurin 'yan nanomita. Saboda haka in kana neman kabon na nano da ya riga ya fita daga ɗakin bincike ya shiga kasuwa, to ga shi nan a kan kantarka, ba a ma rubuta sunansa a jiki ba. Aikin ma'ajiya kuwa na girafait ne: in kana cajin waya, litiyam yana kutsawa tsakanin shimfiɗun ya zauna, zarra ɗaya ga kowane kabon shida, in kana amfani da ita ya fito. Duka biyun nan ba katalis ba ne.

Inda katalis yake da sarauta shi ne batirin da ke shaƙar iska. Ka taɓa ganin ɗan ƙaramin batirin na'urar taimaka wa ji, mai kamar maɓalli, da 'yar takarda manne a bayansa? Da ka ɓalle takardar za ka ga ƙananan huji. Ta nan iska ke shiga. A ciki tutiya ce kawai da ruwan alkalin, wato kishiyar asid. Abokin aikin tutiyar shi ne oksijin ɗin da ke yawo a iska, wanda ya kai kashi 21 cikin 100 nata, kyauta, ba sai an ɗora wa batir nauyinsa ba. Shi ya sa a lissafi batirin tutiya da iska zai iya riƙe wat-awa 1,086 a kowane kilo, alhali na dalma da kake sayarwa yana tsakanin 30 da 40. Tutiya tana da araha, ruwan ba ya kama wuta. Ga ƙasa irin tamu, wannan batir ne da ya cancanci a yi marmarinsa.

Matsalar oksijin ce. Zarra biyu ne a ɗaure da juna tamau, kuma kafin batir ya ba da wuta sai an kwance wannan ɗauri, an ba su ilektiron huɗu, wato ƙananan ƙwayoyin da ke ɗauke da wutar lantarki, sun haɗu da ruwa sun zama haidiroksaid. In aka bar abin ya tafi da kansa, tafiyar hawainiya yake yi, ƙarfin batir ya zube tun bai fito ba. A lissafi ya kamata ɗakin tutiya da iska ya ba da bolt 1.65, amma a aikace 1.2 zuwa 1.4 ake samu, yawancin gibin nan kuwa a wurin oksijin ake asararsa. Akwai kuma gajeriyar hanya marar kyau: oksijin ya karɓi ilektiron biyu kawai ya tsaya, ya zama feroksaid, wanda ke rage wutar kuma yana cin kayan da ke kewaye da shi. Aikin katalis shi ne ya ba oksijin wurin sauka, ya riƙe shi har a gama ba shi huɗun nan, sannan ya sake shi wani ya zo. In riƙon ya yi sako-sako oksijin zai kuɓuce ba a gama ba. In ya yi tsanani, wurin zai toshe. Duk wahalar wannan fanni a neman wannan matsakaicin riƙo take.

Filatinam ne ya fi kowane ƙarfe kusantar wannan matsakaici, shi ya sa da shi ake auna kowane sabon katalis. Sai dai abin da duniya ke haƙowa a shekara bai kai tan 200 ba, alhali zinariya ta haura tan 3,000, kuma kusan kashi 70 cikin 100 daga Afirka ta Kudu yake fitowa. Ƙananan baturan kunne da manganis oksaid a kan kabon suke wadatuwa, tunda wutar da ake ja daga gare su kaɗan ce. Amma in ana son wuta mai yawa, kamar a motar haidirojin ko babban batirin gari, dole a nemi abin da ya kusa filatinam a aiki, ya kusa gawayi a farashi.

An daɗe ana wannan nema. A 1964 Raymond Jasinski ya nuna cewa wani rini mai zarrar kobal a tsakiya, naitirojin huɗu sun kewaye ta, yana iya wannan aiki. Tsarin ba baƙo ba ne, irinsa ne a jinin ɗan Adam: ƙarfen da ke ɗauko oksijin daga huhu shi ma a tsakiyar naitirojin huɗu yake zaune. Rinin Jasinski ba ya daɗewa, amma daga baya aka gano in an gasa irin waɗannan sinadarai tare da kabon a wuta mai tsanani inda babu iska, sukan bar zarrar ƙarfe da naitirojin ɗinta a dashe cikin shimfiɗar kabon, sun fi ƙarko, sun fi aiki. A 2009 ƙungiyar Jean-Pol Dodelet a Kanada, sannan a 2011 ta Piotr Zelenay a Los Alamos ta Amurka, suka kai wannan katalis na ƙarfe da naitirojin da kabon matakin da aka fara kwatanta shi da filatinam da gaske.

A wannan shekara ta 2009 kuma Liming Dai da abokan aikinsa a Jami'ar Dayton ta Amurka suka zo da abin da ya fi ba da mamaki: bututun kabon da aka tsiro da su a tsaye, aka sa naitirojin a jikinsu, aka wanke ƙarfen da aka tsiro da su, amma suka yi aikin ilektiron huɗu a ruwan alkalin. Yadda abin yake, girafin mai tsabta fuskarsa sumul take, oksijin ba ya samun abin kamawa. Naitirojin ya fi kabon kwaɗayin ilektiron, saboda haka in ya zauna a cikin jerin sai ya ɗan janye na maƙwabcinsa, maƙwabcin ya zama wurin da oksijin zai iya sauka. An yi shekaru ana gardamar wane irin zaman naitirojin ne ke yin aikin, har a 2016 masana a Jami'ar Tsukuba ta Japan suka gina fuskoki na musamman suka nuna cewa kabon da ke maƙwabtaka da naitirojin na bakin shimfiɗa shi ne wurin. Ka ga ke nan darajar ba a tsabtar girafin take ba. Gefuna da ramuka da baƙin zarra, wato abubuwan da mai neman girafin na lantarki zai kira aibi, su ne jarin mai neman katalis. Wannan ne ya buɗe ƙofa ga ɓawon gyaɗar da ƙaninka ya ambata.

A nan zan ɗan ja hankali, domin fannin nan ya cika da ɗoki. Bututun kabon da ƙarfe ko kobal ko nikel ake tsiro da su, kuma wankewa da asid ba ya fitar da su duka. Martin Pumera da abokan aikinsa sun sha nuna cewa ɓurɓushin ƙarfen da ya saura yakan zama shi ke yin aikin da ake yaba wa kabon. A 2020 suka haɗa girafin da kashin tsuntsaye suka gasa, suka auna, ya fi girafin zalla zaburar da oksijin. Abin da suke son a gane shi ne, kusan duk abin da ka cusa wa girafin zai ɗan ƙara masa aiki, don haka cewa wani haɗi ya fi girafin zalla ba nasara ba ce. Ni ma a nan na tsaya. Duk rahoton da bai faɗi yawan ƙarfen da ke cikin kabon ɗinsa ba, bai kuma faɗi awa nawa ya yi yana aiki ba, ba na ɗaukarsa da nauyi.

To me ya sa har yau ba ka ga batirin tutiya da iska mai caji a kasuwar Gadarif ba? Saboda caji. Lokacin ba da wuta oksijin ake ci, lokacin caji kuwa sai an mayar da shi, an fitar da shi daga ruwan, kuma wannan aiki na biyu yana bukatar bolt mai yawa, wajen 2. A irin wannan matsin oksijin ɗin da ke fitowa yana cin kabon ɗin kansa, a hankali katalis ya zaizaye, ruwan ya yi duhu. Lissafin ma bai yi daɗi ba: ka zuba a bolt 2 ka kwasa a 1.2, kusan kashi 40 cikin 100 na abin da faifanka ya tara ya tafi a zafi, alhali litiyam yana mayar maka da fiye da kashi 90. Ga kuma iskar ba oksijin kaɗai take kawowa ba. Ɗan kabon dayoksaid da ke cikinta yana haɗuwa da ruwan alkalin ya zama gishiri ya toshe ramukan numfashi. Busasshiyar iskar bazara irin tamu tana shanye ruwan, ƙurar habub kuma ba sai na gaya maka ba. Ita ma tutiyar in ana caji takan tsiro da ƙayoyi su huda shamakin da ke tsakani. Mafi yawan sakamakon da ake bugawa a ɗaki mai sanyi aka samo su, a kan fili da bai fi farcen yatsa ba.

Akwai wurin da kabon ya riga ya zama katalis a babban aiki, shi ne batirin banadiyam mai gudana, wanda Maria Skyllas-Kazacos ta ƙirƙiro a Ostireliya a shekarun 1980. Ruwa ne a tankuna biyu, famfo yana tura shi ta cikin wani bargo na zaren girafait, a kan zaren ake musayar ilektiron. In an gasa bargon a iska wajen digiri 400, oksijin yana manne wa zaren, ruwa ya fi jiƙa shi, aikin ya fi sauri. A 2022 aka kunna irinsa a birnin Dalian na Sin mai megawat 100. Sai dai ruwan banadiyam in ya haura digiri 40 yakan fara zubar da gari, don haka a nan sai da sanyaya.

Yanzu mu dawo shagonka. Batirin da aka rubuta wa girafin, in ka ɗaga shi ka ji nauyin nan da ka saba, kuma bolt 12 ne mai ɗakuna shida, to batirin dalma da asid ne, wanda Gaston Planté ya ƙirƙiro a Faransa tun 1859, an dai ƙara kabon a farantinsa na negetif. Ƙarin ba banza ba ne. Ka san cutar batirin sola: da dare a sha shi, da rana bai gama cika ba a sake ja, musamman da damina in hadari ya rufe. Batirin da ke zama rabi-rabi haka, farin gishirin dalma da ke fitowa a faranti yakan girma ya yi tauri, wuta ba ta ratsa shi, caji ba ya narkar da shi. Kabon yana shiga tsakanin ƙwayoyin gishirin ya hana su haɗewa, ya shimfiɗa wa wuta hanya zuwa gare su, ya kuma ba da ƙarin fuskar da dalma za ta sake kwanciya a kai lokacin caji. Wannan na ƙarshen ya sa wasu masana, irin su Detchko Pavlov na Bulgeriya, suke ganin akwai ɗan aikin katalis a ciki. Batirin dalma da kabon na kirki yana karɓar caji da sauri, yana kuma jure zaman rabi-rabi fiye da na gargajiya. Amma kabon ɗin ɗan kaɗan ne, galibi bai wuce kashi 1 ko 2 cikin 100 na kwaɓin ba, kuma ba dole sai girafin ba. Baƙin kabon na masana'anta da gawayin da aka buɗe wa ramuka suna yin aikin. In ka tuna binciken Singafo, za ka gane abin da ya sa sunan da ke jikin kwali bai isa hujja ba. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Akwai kuma abin da dillali ba zai gaya maka ba, wataƙila ma bai sani ba. Katalis ba ya zaɓen abin da kake so kaɗai. Dalma tana da wata baiwa, ba ta barin haidirojin ya fita daga ruwa da sauƙi, da wannan baiwar ma batirin yake rayuwa. Kabon kuwa yana sauƙaƙa fitarsa, balle in da ɓurɓushin ƙarfe a jikinsa. Ma'ana, batir mai kabon da yawa ko marar tsabta ya fi shan ruwa in caji ya kusa cika. A buɗaɗɗen batir za ka ƙara tataccen ruwa. A rufaffe babu wannan dama, in ya bushe ya bushe. Zafi kuma yana ƙara wa abin gudu, ga shi kabon ɗin ba ya kare ragar farantin fozitif daga ci, wanda shi ne ajalin yawancin batura a ƙasa mai zafi. Ƙa'idar da masu batir suka sani ita ce, duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 yana raba kwanan batirin dalma gida biyu. Batirin da ke ɗakin kwano a watan Afrilu a Gadarif, inda inuwa ma ke haura 40, kai da kanka ka yi lissafin.

Saboda haka shawarata, kada ka biya ƙarin kuɗi don suna, kada kuma ka ƙi baturan don suna. Ka nemi takardar bayanan batirin ka duba zagayen caji nawa aka yi alkawari, a kan zurfin sha nawa, a digiri nawa. In babu takarda, ka saye shi a farashin na gargajiya ko ka bar shi. Ka ɗora shi a sikeli: batirin dalma mai bolt 12 da amfiya-awa 200 na gaske yakan kai kilo 55 zuwa 65, wanda ya gaza haka da yawa an rage masa dalma, kabon kuma ba ya cike gurbinta. Ka ɗauki biyu tukuna, ka sa su a gidan da kake iya leƙawa, kusa da na gargajiya masu irin lodinsu, ka bar bazara ɗaya ta ratsa su. Ka saita na'urar caji ta rage bolt in zafi ya tashi, in tana da waya mai jin zafi ka manna ta a jikin batir. Ka gaya wa masu gida kada su sha fiye da rabi, su ɗaga shi daga ƙasa, su ba shi wuri mai iska. Ga wanda yake da hali kuwa, LFP mai na'urar kariya ta kirki ya fi sauƙi in aka raba kuɗinsa a kan shekarun da zai yi.

Shi kuma ƙaninka, ka gaya masa kada ya saki wannan tunani. Ana yin kabon mai daraja daga tsiro, ba tatsuniya ba ce: yawancin gawayin da ke cikin manyan kafasito, wato na'urorin ajiye caji, daga ƙoƙon kwakwa ake yinsa, haka ma wani kaso na kabon mai tauri da ke cikin sababbin baturan sodiyam. Bambancinsa da na murhu a wuta da tsabta yake. Ramin gawayi yakan tsaya wajen digiri 400 zuwa 500, abin da ke fitowa ba ya kai wuta sosai. Na katalis sai an kai digiri 800 zuwa 900 a tanda da iskar naitirojin ke ratsawa, an haɗa ɓawon da abin da zai ba da naitirojin, kamar takin yuriya, da ɗan gishirin ƙarfe in ana so, an buɗe ramuka da sinadari, an wanke toka da asid. Abin da ke fitowa ba girafin ba ne, kuma ba sai ya zama girafin ba, tunda gefuna da ramuka ake nema. Ɓawon gyaɗar Rahad da Halfa Sabuwa, karan riɗi da na dawa na Gadarif, tuƙar rake ta Kenana, duk kayan gwaji ne. Wahalar ita ce a samu buhun bana ya fito daidai da na bara.

Ƙaro ma yana da wurin zama a wannan aiki, ga shi Sudan ce kan gaba a duniya wajen samar da shi. Dalilin da ya sa tawadar allo ba ta kwanciya a gindin kurtu shi ne ƙaron da ke lulluɓe kowace ƙwayar baƙi ya hana ta manne wa 'yar'uwarta. A 2002 aka nuna cewa haka yake yi wa bututun kabon, yana warware su ɗaya-ɗaya a cikin ruwa, a 2015 kuma aka gwada shi a matsayin abin ɗaure gari a farantin silikon da na farar wuta a baturan litiyam, ya yi kyau. In ƙaninka ya samu ɗakin gwaji, a gida ko a waje, gwajin da zan so ya yi shi ne ya haɗa ɗan batirin tutiya da iska da kabon ɗin ɓawon gyaɗa, ya auna ƙarfen da ke cikinsa tun farko ya rubuta, sannan ya ajiye ɗaya a digiri 25 ɗaya a 45 cikin busasshiyar iska, ya yi ta caji da saukewa har su mutu, ya buɗe su ya duba ko kabon ne ya zaizaye, ko ramuka ne suka toshe, ko ruwa ne ya ƙafe.